Sun Goge Abubakar, Sun Bar Mai Rijiya Biyu

Mun tashi da asuba ranar Litinin, amma kada wani ya ɗauka da asubar muka kama hanya. Duk wanda ya san hanyar Gusau zuwa Ƙaura Namoda a 'yan shekarun nan ya san yadda ake yi. Za ka yi salla, ka sha kunu, ka ɗaure kaya, sannan ka je bakin gari ka zauna kana jiran rana ta ɗaga, motocin haya su fara wucewa, ka ga ma wasu sun fara dawowa daga can. Mu uku ne a motar: ni, da abokin aikina mai motar, da wata malamar tarihi da muke koyarwa a makaranta ɗaya. Mai motar ya yi addu'ar tafiya sau biyu, ya ce ta farkon bai tabbatar ya kawo ta daidai ba.

Abin da ya fitar da mu shi ne gayyatar wata bita ta kwana huɗu a kan buɗe bayanan bincike. Ma'anar abin ita ce, duk wanda ya yi bincike a kan rayuwar mutane, ko tarihinsu, ko harshensu, to kada ya kulle hirarrakin da ya ɗauka a durowa. Ya ɗora su a wani rumbu na intanet inda kowa zai shiga ya ɗiba kyauta. Ni da zumuɗina na tafi, don ina da tsohon ciwo. Tun kafin a haife ni wani Bature ya zo ya ɗauki muryar kakana yana ba da tarihin marinar unguwarmu, ya tafi da kaset ɗin ƙasarsu. Na rubuta wasiƙu har na gaji, amsar da na samu ita ce in ina son ji in je can da ƙafata in cike fom. Muryar kakana, a harshen kakana, amma sai na nemi biza. Don haka da na ji an ce za a buɗe rumbu, ni ne na fara rubuta sunana.

A Kasuwar Daji muka tsaya muka sayi hoce mai zafi da ƙuli-ƙuli. Malamar ta yi ta mita cewa hocen ya ƙanƙance kuɗinsa kuma ya ƙaru, mai hocen ta ce ta je ta tambayi farashin tiyar dawa sannan ta dawo su yi magana. Lokacin kaka ne, an yanke gero, dawa na tsaye ta yi jajir. Sai dai idonka zai nuna maka gonakin da aka nome da waɗanda aka gudu aka bari: na bakin titi tas, na can ciki kuwa ciyawa ta fi amfanin tsawo. Mun wuce shingayen jami'an tsaro da dama, a kowanne sai an leƙo an tambaye mu ina za mu. Da muka ce bita, wani ya ce Allah Ya sa a bita lafiya.

Mun shiga Ƙaura da hantsi. An yi taron a zauren wani masauki, da janareto yana ruri a bayan taga da ƙyalle mai rubutun Turanci an rataye a bango. Malamai ne daga makarantu daban-daban, da ɗalibai masu neman digiri na biyu, da baƙi daga Abuja. Jagoran bitar wani Farfesa ne mai fara'a da gilashi, ba ya jin Hausa in ban da sannu da na gode. Na duba zauren daga gaba har baya, ban ga manomi ko ɗaya ba, ban ga makiyayi ba, alhali maganarsu aka zo rabawa. Na lura da haka amma na haɗiye, don ranar farkon ta yi mini daɗi. An koya mana yadda ake sa wa fayil suna, da yadda ake rubuta bayanin inda aka ɗauki hira da ranar da aka ɗauka, da yadda za a adana ta kada ta lalace. Abubuwa ne masu amfani, ba zan tauye musu haƙƙi ba. Da rana aka ba mu shinkafa da kaza, kowa ya ce lallai ilimi ya ci gaba.

Ranar Talata aka zo darasin ɓoye sunan waɗanda aka yi hira da su. Farfesa ya ce zai nuna mana misali daga jiharmu, aikin da aka yi shi yadda ya kamata, wanda ya riga ya hau rumbu wata huɗu da suka wuce. Ya kunna majigi. Rubutacciyar hira ta fito a allo, Hausa a hagu, Turanci a dama. Ban gama karanta layi na uku ba na gane tambayoyin da ke ciki nawa ne. Ni na yi hirar.

Bari in koma baya kaɗan. Shekara uku da suka wuce wata ƙungiyar masu bincike ta ɗauke ni aikin ɗaukar hira a ƙauyukan Zurmi, a kan yadda manoma da makiyaya ke raba ruwa. A wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba na zauna da wani dattijo mai haƙar rijiya. Sunansa da laƙabinsa da zan faɗa a nan ba su ne ainihin nasa ba, na sauya su da masu kama da su, kamar yadda na sauya wasu abubuwan da za su sa a gane inda yake. Mu ce sunansa na yanka Abubakar. Tun yana saurayi ya haƙa rijiya a cikin gari, ya kuma haƙa wata a bakin burtali, hanyar da shanu ke bi, don makiyaya su shayar ba sai sun ratsa gonaki ba. Daga nan aka sa masa Mai Rijiya Biyu. Matarsa, da 'ya'yansa in suna ba wani labari, da mai gari, da Fulanin rugage, kowa da wannan ya san shi.

Mun fi awa muna hira a zaurensa. Can wajen ƙarshe ya rage murya, ya nuna rikodar ya tambaye ni ko tana ji. Na ce tana ji, amma sunansa ba zai fito ko'ina ba, haka takardar da ya dangwala wa yatsa ta ce. Na faɗa masa haka da bakina, ina kallon idonsa. Sai ya ba ni labarin abin da yake gani in ya je yasar rijiyar burtali: mutanen garin da ke kai wa 'yan bindigar daji fetur da burodi, da inda suke haɗuwa, da irin mashin ɗin da suke hawa. Bai ambaci sunan kowa ba, amma ɗan garin da ya ji zai ƙirga su da yatsu.

Wannan hirar ce a allo. An sa baƙin layi an rufe kalma ɗaya tak, a farkon shafi, inda na tambaye shi sunansa don cike fom ya ce Abubakar. Daga nan har ƙasa, duk inda na ce "Mai Rijiya Biyu, to daga nan fa?" yana nan ɓaro-ɓaro. A ɓangaren Turanci ma an fassara shi, wai mutumin da ya mallaki rijiyoyi biyu. Farfesa ya kuma kunna mana sautin don mu ji yadda aka toshe sunan da ƙarar ƙiiit. Muka ji ƙiiit ɗin kuwa. Bayanta sai ga muryar dattijon tana cika zauren, har da tarinsa, har da maƙwabcinsa da ya leƙo ya gaishe shi da laƙabin. Aka yi tafi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wannan gyaran gangar Abzinawa ne, an goge sunan da babu wanda ya san shi da shi, an bar wanda ko jaririn garin ya sani. Farfesa ya yi murmushi ya ce kwamfuta ce ta bi jerin sunayen mutanen Arewa ta goge duk wanda ta samu, wannan kuwa ba suna ba ne, bayanin sana'a ne. Na ce a ƙasar nan sunan yanka na ranar suna ne da ranar ɗaurin aure da ranar jana'iza, sauran kwanakin duniya da laƙabi mutum yake yawo. Wani matashin malami daga baya ya ce, to wa zai shiga rumbun masana daga wannan ƙauyen, mutanen da ko sabis ba su da shi? Kafin in buɗe baki malamar tarihi ta riga ni.

"Ka taɓa zama rumfar masu turi ranar kasuwa?" in ji ta. "Wa'azi, waƙa, faɗan mata, muryar wanda aka sace yana roƙon danginsa, duk a memori ake zuba wa mutane. Mutum ɗaya ya isa ya sauke. Su kuma na dajin wayoyinsu sun fi naka tsada."

Na roƙi a sauke hirar nan take. A nan ne raina ya ƙarasa ɓaci. Farfesa ya ce ya fahimci damuwata, amma rumbu yana da ƙa'ida: abin da ya hau ba ya sauka sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuma sai ƙarshen zango, ko kuma shi mai maganar ya nemi a janye da sa hannunsa. Har ya nuna mana a allo cewa an sauke hirar sau da yawa, wai alamar aikin yana amfanar jama'a. Ran mutum na rataye, ana ba ni labarin kwamiti. Na so in faɗi maganar da za ta sa a kore ni daga zauren, sai na tuna wanda ya ce wa dattijon sunanka ba zai fito ba. Ba Farfesa ba ne, ba kwamfuta ba ce. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ce a ba ni fom ɗin janyewar.

Ranar Laraba, ana shirin darasin lasisin mallaka, ni da abokin aikina muka nufi tasha. Motarsa muka bari a masauki, don mai hankali ba ya shiga wannan hanyar da mota mai sheƙi. Muka shiga wata tsohuwar motar haya, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, da buhun barkono a but wanda ya sa muka yi ta atishawa har Dauran. Kuɗin motar ya ninka abin da na sani shekara uku baya, direban ya ce rabi na mai ne, rabi na kasada. Hanyar kuwa wani wuri kwalta, wani wuri tarihin kwalta. Abin da ya fi damuna shi ne shirun da ake yi. Da an wuce gari an shiga fili sai hira ta mutu, kowa ya zuba wa daji ido, wata tsohuwa kusa da ni tana jan carbi har ina jin ƙarar 'ya'yansa. Da an hango rufin kwano sai hira ta dawo daga inda aka tsaya.

Mun isa Zurmi kafin azahar. Ƙauyen dattijon sai an hau kabu-kabu an yi nisa cikin daji, kuma duk ɗan kabu-kabun da muka tambaya sai ya girgiza kai. Amma mutanen ƙauyen da dama sun dawo cikin gari, suna da wata rumfar mai shayi kusa da tasha inda suke taruwa. Muka je muka zauna, muka sa aka haɗa mana shayi, aka gaisa. Na ce a raina bari in gwada sunan da kwamfuta ta goge. Na ce ina neman Malam Abubakar na garinsu.

"Wane Abubakar?" in ji mai shayin. "Garba mai tumaki, ko Bube na gidan Liman, ko Habu direba? Malam, garinmu in ka jehwa tsakuwa bisa Abubakar taka hwaɗawa."

Aka yi dariya. Sai na rage murya na faɗi laƙabin. Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Wani ya ajiye kofinsa ya tashi ya tafi. Mai shayin ya shiga goge teburin da babu komai a kansa. Na ɗauka abin da nake tsoro ya riga ya faru. Da muka tashi za mu tafi, wani tsoho mai carbi ya biyo mu har bayan wata mota, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai na mai rikoda, ko? Na gane ka," in ji shi. "Shina da rai. Ya tashi tun ana noman hwari, shina Shinkahi wurin ɗiyatai. Ka tai kasuwa ka biɗi Malam Abubakar mai igiya. Amma don Allah kak ka kirai da wancan sunan."

Ban iya cin komai a Zurmi ba sai fura da wata Bafulatana ta dama mana a bakin tasha, mai kauri, nonon ba a tsinka shi da ruwa ba. Ta ji muna ambaton rijiya, ta ce su ma wata rijiyar burtali da suka dogara da ita ta cike da ƙasa, babu mai yasa, yanzu sai sun yi tafiya mai nisa da shanu. Ban tambaye ta wace rijiya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Muka koma Ƙaura kafin la'asar, don babu mai bari yamma ta same shi a hanya.

Ranar Alhamis muka kama hanyar Shinkafi, ranar kasuwa. Ita ma hanyar sai a hankali, motoci sukan jira juna su tafi a jere. Amma kasuwar, duk da halin da ake ciki, tana nan da ranta. Raƙuma da shanu da jakuna a kara, buhunan gero da wake, albasa, kanwa, ga mutanen Nijar da rawunansu ana ciniki ana juya sefa zuwa naira. Na wuce rumfunan masu turi guda uku, kowacce da lasifika tana amo, matasa sun yi layi da wayoyi. Na so a ce matashin malamin nan yana tare da mu.

A layin masu igiya da guga muka same shi, zaune kan buhu, ya rame, gemun ya ƙara fari. Mutumin da ya shayar da gari da ruga, yanzu yana sayar wa wasu igiyar da za su ja ruwa a rijiyoyin da ba nasa ba. Na yi sallama na durƙusa. Ya amsa, amma bai miƙo hannu ba.

"Kai na, Malam? Ni na riga na bar ka da Allah."

Na ce, "Baba, ka yi mini izini in yi bayani, in na gama ka bar ni da Allahn."

Ya ja ni bayan rumfar inda babu mutane. Kafin in fara, shi ya fara. Ya ce farkon damina yana bakin rijiyar burtali, sai ga wani mutumin garinsu a kan mashin, ɗaya daga cikin waɗanda ya siffanta a hirar. "Yat tsaya, yag gaishe ni, yah hiddo waya yas sa man muryata. Ina tsaye ina jin kaina. Da ta ƙare sai yac ce, Baba, ashe ka iya labari. Yat tada mashin yat tahi." Bai ƙara kwana uku a garin ba. Ya bar gona da shuka ta fito, ya bar gidan da aka haife shi, ya kwaso iyali. Duk watannin nan yana zaton ni na ɗauki maganar na kai musu da hannuna.

Ta wace hanya muryar ta bi daga rumbu zuwa wayar wannan mutumin, ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Wataƙila wani ɗalibi ɗan yankin ne ya gani ya tura wa 'yan uwa don murna an ji garinsu a intanet. Na yi wa dattijon bayanin rumbu, da kwamfuta, da baƙin layi. Da na ce masa an goge Abubakar, ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji, ya ce shi kansa sai da ya zo Shinkafi ya tuna sunansa ke nan. Na fito da fom da tawada na ce in ya dangwala za a cire. Ya ɗaga babban yatsansa yana dubawa.

"Yatsan ga shi yas sa ni ciki, yanzu shi za ya hisshe ni? To in kun cire ta cikin na'urarku, wa ka cire ta kunnen wanda yaj ji? Magana zarar bunu ta, Malam."

Na ce wanda ya ji ya ji, amma kada a ƙara wasu. Sai ya faɗi abin da duk kwana huɗun bitar ba a faɗi kamarsa ba. Ya ce kada a ƙone hirar duka. A cikinta akwai labarin yadda mahaifinsa da Arɗon wancan lokaci suka shata burtali, da wanda ya ba da sa, da wanda ya ba da hatsi aka ciyar da masu haƙa. Duk waɗanda suka san wannan sun mutu sai shi.

"Wanga ku aje shi. Ran da Allah Yab ba da lahiya ku hiddo shi kowa shi ji, ku sa sunana, ku sa laƙabina, ku sa na ubana. Wancan na ƙarshe kuwa ku rufe. Rijiya ta kowa ta, amma ai ana yi mata murhi."

Na duba fom ɗin, gida biyu ne kawai a ciki: a cire, ko a bari. Babu gidan da mai magana zai ce wannan a buɗe, wannan a rufe, wannan a jira. Na juya bayan takardar na rubuta abin da ya faɗa da Hausa, na karanta masa sau biyu, ya gyara mini wuri ɗaya, sannan ya dangwala. Na tambaye shi ko ya yarda in ba da labarin nan in na sauya sunaye. Ya ce in bayar, don kada a yi wa wani. Sai a lokacin ya miƙo mini hannu.

Mun dawo Ƙaura ana rabon takardun shaida, an jera kujeru don hoton taro. Na miƙa wa Farfesa fom ɗin, malamar tarihi ta fassara masa abin da ke baya, na ba shi labarin mutumin mashin. In faɗi gaskiya, fuskarsa ta canza. Ya cire gilashi, ya zauna, ya buɗe kwamfutarsa, ya danna nan ya danna can, ya ce an rufe. Ko minti biyu bai yi ba. Wallahi wannan ya fi komai ƙona mini rai. Abin da minti biyu ya isa a yi ranar Talata, sai da na yi kwana biyu ina bin hanyoyin da ake sace mutane, don a samu tawada a kan takarda. Ya ce zai sa a sake duba sauran hirarrakin yankin, kuma yana so in taimaka. Na ce zan taimaka, da sharaɗin a zauna da 'yan garuruwan da kansu, don ni ma ɗan birni ne, akwai laƙabin da zai wuce ni ban gane ba. Aka kira ni hoto, na ce kaina na ciwo.

Ranar Juma'a da hantsi muka kamo hanyar gida. A Kasuwar Daji malamar ta sake sayen hoce, wannan karon ba ta yi mita ba. Mun shiga Gusau kafin a tafi masallaci, iyalina suka yi ta hamdala, don ban gaya musu zan zarce gaba da Ƙaura ba sai da na dawo.

Har yanzu ina nan a kan bakana cewa a buɗe rumbu. Ina son muryar kakana, kuma ina son jikokin dattijon nan su ji yadda aka shata burtali ba tare da sun nemi biza ba. Amma tafiyar nan ta koya mini cewa mai maganar shi ya fi kowa sanin inda za a buɗe da inda za a rufe, kuma mu ba mu taɓa tambayarsa ba, dangwale kawai muke karɓa. Ta koya mini cewa wanda bai san da wane suna ake kiran mutum a ƙofar gidansa ba, ba shi da hurumin cewa ya ɓoye shi. Ta kuma koya mini kada bakina ya sake ɗaukar alkawarin da hannun wani ne zai cika. Duk mai shirya irin wannan bita a ƙasar nan, ya ajiye kujera ɗaya ta kaza da shinkafa ya gayyato wanda aka ɗauki muryarsa.

Takardar shaidata tana nan a jaka, da sunana cikakke da ruwan zinare, ban rataye ta ba. Abin da na kasa mantawa shi ne lokacin da muka yi sallama da dattijon a Shinkafi. Mun ɗan yi nisa sai na waiwaya. Wani mai saye ya tsaya a gaban rumfarsa ya ɗaga igiya yana cewa, "Malam Abubakar! Malam Abubakar!" Dattijon yana zaune yana kallon ƙasa, bai motsa ba. Sai a kira na uku ya zabura ya ɗago kai, ya tuna da shi ake.